Wa Ke Biyan Kuɗin Rahoton 'Yancin Addini, Kuma Ta Yaya Labarinmu Ke Isa Can?

Ranar 31 ga Oktoba 2025 Shugaban Amurka Donald Trump ya sanar da mayar da Najeriya cikin jerin ƙasashen da gwamnatinsa ke ganin ana take 'yancin addini a cikinsu fiye da kima. Washegari ya yi barazanar turo soja. Ranar 25 ga Disamba kuma Amurka ta kai hari ta sama a jihar Sakkwato, ta ce a kan mayaƙan IS ne, gwamnatin Najeriya ta ce da saninta aka yi. Duk mai sauraron rediyo a Gumel ko Sule Tankarkar a jihar Jigawa yana da haƙƙin ya tambaya: wa ya kai musu labarinmu, da wane ma'auni suka auna, kuma wa ya biya kuɗin aikin? Amsar ba a ɓoye take ba. Akwai doka, akwai ofis, akwai kasafi, akwai kuma ƙungiyoyin da ke takarar samun kuɗin.

Tushen abin wata doka ce da Majalisar Dokokin Amurka ta yi a 1998, Shugaba Bill Clinton ya sa mata hannu a watan Oktoban shekarar. Dokar ta haifi abubuwa biyu da mutane kan gauraya. Ɗaya ofis ne a cikin Ma'aikatar Harkokin Waje, ƙarƙashin jakada na musamman, shi ke fitar da rahoto duk shekara a kan ƙasashe kusan 200. Ɗayan hukuma ce mai suna USCIRF, mai kwamishinoni 9 da shugaban ƙasa da jagororin majalisa na jam'iyyun biyu ke naɗawa. Ita shawara kawai take bayarwa, ba ta da ikon sa kowa a jerin. Tun 2009 take cewa a sa Najeriya, ba a karɓa ba sai a Disambar 2020, lokacin Mike Pompeo yana sakataren harkokin waje, kuma ko a lokacin an ɗage wa ƙasar takunkumin da dokar ta ba da damar a sa. A Nuwambar 2021 magajinsa Antony Blinken ya cire sunan, ana gobe zai sauka Abuja. Halin da ake ciki a Zamfara ko Filato bai sauya ba a cikin waɗannan watanni 11. Gwamnati ce ta sauya a Washington. Hukuncin ƙarshe dai na siyasa ne, wannan babu ja. Amma ɗan siyasa ba ya yanke shi da fatar baki, sai an ajiye masa takarda mai adadi da sunayen garuruwa a gabansa. Haɗa wannan takarda shi ne aikin da ake biyan kuɗi a yi.

Majalisa ce ke ware kuɗin a kasafin shekara. A watan Yunin 2020 Trump ya ba da umarnin a riƙa ware aƙalla dala miliyan 50 duk shekara don ayyukan 'yancin addini a ƙasashen waje. Daga nan ma'aikatar kan buga sanarwa a shafin intanet na gwamnati: ana neman ƙungiyar da za ta yi aiki kaza, a ƙasa kaza ko yanki kaza, cikin shekara biyu ko uku, kuɗin daga dala dubu ɗaruruwa zuwa miliyan ɗaya ko sama, za a rufe karɓar takardu ranar kaza. Wani lokaci aikin horar da lauyoyi ne, wani lokaci sasanta al'ummomi, wani lokaci kuma tattara bayanan cin zarafi da rubuta su.

Wannan sanarwa ita ce wurin da ya kamata mai karatu ya fi zuba ido, domin a cikinta ake zaɓar tambayar tun kafin a fita neman amsa. Idan ta ce a bibiyi shari'o'in ɓatanci, to shari'o'in ɓatanci za a ƙirga. Idan ta ce a bibiyi hare-hare a kan wuraren ibada a jihohin tsakiyar ƙasa, ma'aikacin da aka ɗauka ba zai hau mota zuwa Gagarawa ba, ko da akwai abin da ya kamata a gani a can, saboda ba a sa kuɗin motar a kasafi ba. Ba sai an ce wa kowa ya yi ƙarya ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: ƙungiya ta yi alkawarin rahoto kaza duk wata uku a kan abu kaza, kuma da shi za a auna ta idan ta dawo neman wani tallafin.

Sharuɗɗan nema ma suna tankaɗe masu nema tun a bakin ƙofa. Sai ƙungiya ta yi rajista a tsarin gwamnatin Amurka ta sami lambarta. Sai ta rubuta tsarin aiki da Turanci mai kyau, da kasafi layi-layi, da yadda za a auna nasara. Sai ta nuna an taɓa bincikar asusunta, an kuma tantance shugabanninta ba su da alaƙa da ta'addanci. Nan gida ma akwai rajistar Hukumar Rajistar Kamfanoni da takardar sashen EFCC mai sa ido kan halatta kuɗin haram. Akwai kuma sharaɗin da mutanenmu da yawa ba su sani ba: dokar Amurka ta hana a yi wa'azi ko yaɗa wani addini da kuɗin gwamnati. Ƙungiyar matasa a Maigatari, komai gaskiyarta da sanin ƙasarta, ba ta da akanta da lauyan da za su tsallake da ita waɗannan shingaye. Saboda haka babbar ƙungiya a Washington ko Landan ce kan ci tallafin, ta ba wata a Abuja ko Jos ko Kaduna wani kaso, ita kuma ta ɗauki masu tattara bayani a jihohi tana ba su alawus.

Wanda ya san kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis ya san wannan tsari. Sa kan fito daga hannun makiyayi, ya bi ta hannun dillali, ya shiga hannun ɗan kasuwa, ya hau tirela zuwa Kudu, kowane hannu da la'adarsa, kuma mahaucin da zai yanka shi a Legas bai taɓa ganin rugar da aka haife shi ba. Kuɗin tallafi haka suke gangarowa suna raguwa, labari kuma haka yake hawa yana taƙaituwa. La'adar ma a rubuce take: ƙa'idar gwamnatin Amurka ta yarda ƙungiya ta cire kashi 10 cikin 100 don hidimar ofis ko ba ta yi wata yarjejeniya ta daban ba, a Oktoban 2024 aka ƙara zuwa kashi 15, ban da albashin ma'aikata da tafiye-tafiye. Wanda ke zaune da iyalan mamaci yana rubuta abin da ya faru shi ne mafi ƙarancin rabo, kuma shi ne mafi shiga haɗari.

Aikinsa, idan ana yin sa bisa ƙa'ida, ba ƙaramin aiki ba ne. Zai rubuta rana da wuri da sunayen waɗanda abin ya shafa. Zai nemi shaidu aƙalla biyu da ba daga bakin juna suka ji ba. Zai duba hoto ya tabbatar ba na wata ƙasa ba ne ko na shekarun baya da aka sake yaɗawa a WhatsApp. Zai nemi yardar mai ba da labari, ya kuma ɓoye sunansa idan bayyanawa za ta jawo masa wahala. Malamanmu na hadisi sun daɗe da sanin cewa ƙarfin labari yana ga masu ruwaito shi, wa ya ji daga wa, kuma yaya amanarsa take. Rahoton da ba ya faɗin daga ina adadinsa ya fito, ko da wa ya buga shi, bai cancanci a gina hukunci a kansa ba.

Ƙirga gawa ma ya fi sauƙi a kan abin da ke biye, wato faɗin dalilin kisan. A nan ne rahotanni ke rabuwa. Wasu lamuran ba su da ruɗani. Deborah Samuel an kashe ta a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato ranar 12 ga Mayu 2022 a kan zargin ɓatanci. A Zariya a Disambar 2015 sojoji sun kashe mabiya Shaikh Ibrahim Zakzaky, kuma kwamitin bincike na shari'a da gwamnatin Kaduna da kanta ta kafa ya tabbatar da mutuwar mutum 348. A watan Agustan 2021 an tare matafiya Musulmi a hanyar Rukuba ta Jos suna dawowa daga taron zikiri a Bauchi, aka kashe fiye da 20. Harin Babban Masallacin Kano na 28 ga Nuwamba 2014 da na cocin Katolika a Owo na 5 ga Yuni 2022 duk a kan masu ibada aka kai su. Duk wanda ya ce rahotannin nan ƙage ne baki ɗaya ya zalunci waɗannan matattu, kuma ba na tare da shi.

Amma mafi yawan jinin da ke zuba a ƙasar nan ba ya zuwa da dalili ɗaya tilo. A Guri da Kirikasamma, nan cikin Jigawa, an sha rasa rayuka tsakanin manoma da makiyaya a kan burtali da mashaya da amfanin gona da ba a kwashe ba. Ɓangarorin biyu Musulmi ne, don haka ba wanda ke shigar da shi lissafin addini. Idan irin wannan rikici ya auku a Binuwai, inda manomi Kirista ne makiyayi Musulmi, wata ƙungiya za ta rubuta shi a matsayin rikicin ƙasa, wata kuma a matsayin kisan Kirista saboda addininsu. Kuma gaskiya ne cewa a can addini kan shiga ciki, a ƙona coci, a kashe limaminta, gaba ta yi zurfi. Abin da mai karatu zai nema shi ne kowace ƙungiya ta faɗi ƙa'idar da ta bi wajen rarrabewa, ta kuma yi amfani da ita a kan kowa.

Jigawa tana da nata misalan. A Satumban 2006 an ƙona coci-coci da shaguna a Dutse bayan an zargi wata mata da kalaman ɓatanci. Wannan zalunci ne a kan mutanen da ba su ji ba ba su gani ba, kuma daidai ne da aka rubuta shi. A Janairun 2017 hukumomin jihar suka rushe gine-ginen coci biyu a Dutsen. Gwamnati ta ce ba su da izinin gini. Shugabannin Kirista suka ce wariya ce, domin samun takardar fili don gina coci a jihohin Arewa da dama abu ne mai wuya. Mai bincike na ƙwarai ba zai tsaya ga maganar ɓangare ɗaya ba. Zai tambaya ko an nemi izinin, yaushe, wace amsa aka bayar, gine-gine nawa marasa izini ke unguwar, nawa aka rushe a cikinsu. Irin wannan bin diddigi yana cin makonni da kuɗin mota, kuma sau da yawa shi ne abin da kasafin bai ɗauka ba.

Ba gwamnatoci kaɗai ke biya ba, kuma sanin mai biya yana taimaka wa mai karatu. Ƙungiyar Open Doors, wadda wani ɗan ƙasar Holan ya kafa a 1955, da gudummawar mabiya coci take aiki, tana fitar da jerin ƙasashe 50 duk shekara, kuma ba ta ɓoye cewa halin Kirista ne abin da ta sa gaba. Ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC tana da sashe a Jidda mai bibiyar ƙyamar Musulunci, shi ma ɓangare ɗaya yake kallo. Amnesty International da Human Rights Watch ba sa karɓar kuɗin gwamnati don bincikensu. Akwai kuma masu ƙirga tashin hankali kowane iri ba tare da farawa daga addini ba, irin su ACLED da kuma Nigeria Watch da ke Jami'ar Ibadan, wadda ke tattara bayanan kashe-kashe tun 2006. Babu laifi mutum ya damu da 'yan'uwansa a addini ya ƙirga nasu. Laifin yana zuwa ne lokacin da aka ɗauki lissafin ɓangare ɗaya aka gabatar da shi a matsayin hoton ƙasa gaba ɗaya.

Su ma masu ƙirga kowa da kowa suna da tasu matsalar, kuma ita ce ta fi shafar ƙasar Gumel. Mafi yawan bayanansu daga jaridu suke fitowa, jaridun kuma na Turanci ne, wakilansu suna zaune a manyan birane. Abin da ya faru a wani ƙauyen Sule Tankarkar, idan bai kai kunnen wakili a Dutse ko Kano ba, bai shiga lissafi ba. Abin da aka faɗa da Hausa a gidan rediyo ko aka kai gaban hakimi aka kashe wutarsa, shi ma haka. Iyakar Nijar ta ƙara dagula abin. Gumel masarautar Mangawa ce da ta daɗe tana hulɗa da Barno da Damagaram, ba ta shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba, kuma har yau dangi da ciniki sun ratsa iyakar. Ranar 16 ga Janairu 2015 an ƙona coci-coci a Damagaram a zanga-zangar nuna fushi da zanen mujallar Charlie Hebdo, washegari wutar ta kai Yamai, aka rasa rayuka aƙalla 10 a biranen biyu. Labarin Damagaram ofishin jakadancin Amurka na Yamai ne ke haɗa shi, galibi daga majiyoyin Faransanci. Na Maigatari kuma na Abuja ne, daga na Turanci. Mutanen da ke cin kasuwa ɗaya da harshe ɗaya sun rabu gida biyu a takarda, kuma ba ɗaya daga cikin takardun da aka rubuta da harshensu.

Wannan shiru yana cutar da mu ta fuska biyu. Wanda aka zalunta a nan, ko ɗan kasuwa Kirista ne da aka hana shi wurin ibada, ko mabiyin wata ɗariƙa ko ƙungiya da masu rinjaye a garinsu suka matsa wa a kan masallaci, ko yaron da taron jama'a ya yanke wa hukunci kafin alƙali ya ji ta bakinsa, ba shi da inda za a rubuta kokensa. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowannensu 'yancin addininsa, amma haƙƙin da ba a rubuta take shi ba da wuya a ƙwato shi. Ta ɗaya fuskar, zaman lafiya ma ba ya shiga lissafi. 'Yan kasuwar Kudu da ke zuwa Maigatari sayen dabbobi da riɗi da zoɓo mako bayan mako su koma lafiya, malaman makaranta da masu yi wa ƙasa hidima da ke zaune a Gumel, rigingimun da dattawa suka kashe tun suna ƙanana, duk ba wanda ke ƙirga su. Sai a yi wa Arewa kuɗin goro daga labarin wuraren da suka fi zafi. Imam Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a Barikin Ladi, wanda ya ɓoye Kirista sama da 200 a masallacinsa da gidansa a Yunin 2018, duniya ta san shi, har Amurka ta karrama shi a 2019, saboda an sami waɗanda suka rubuta abin da ya yi.

Sai kuma ga kuɗin da kansu sun ja baya. Ranar 20 ga Janairu 2025 gwamnatin Trump ta dakatar da tallafin ƙasashen waje na kwana 90 don sake dubawa, zuwa tsakiyar shekarar an rufe hukumar USAID, an soke ayyuka masu yawa. Hukumar ce ta taɓa tallafa wa ayyukan sulhu irin na cibiyar Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye a Kaduna. Wasu a cikinmu sun yi murna, suna ganin an rage masu leƙen asirinmu. Ni damuwa abin ya ba ni. Idan masu bin ƙa'idar tantancewa suka rasa kuɗin aiki, hukunci a kan Najeriya ba ya tsayawa, sai dai a yanke shi da adadin wanda ya fi ɗaga murya. A shekarar da aka yanke tallafin ne aka mayar da ƙasar cikin jerin.

Ina ganin tallafin waje ba abin ƙi ba ne, ba kuma abin dogaro ba ne. Wanda ya samu ya karɓa, amma ya faɗa wa jama'a wa ya ba shi da abin da aka ce ya duba. Abin da ya fi wannan muhimmanci ba ya buƙatar dala. Masarautar Gumel tana da tsarin kai rahoto tun kafin zuwan Turawa: mai unguwa ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya kai fada.  Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1995, tana da ofis a Dutse, kuma ba a biyan kuɗi a kai mata ƙorafi.

Kirana ga Majalisar Masarautar Gumel, da shugabannin Jama'atu Nasril Islam da na ƙungiyar Kiristoci ta CAN a ƙananan hukumomi huɗu na Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, da malaman Kwalejin Ilimi ta Gumel, shi ne su haɗu su buɗe kundi ɗaya da Hausa. A riƙa rubuta duk koken da ya shafi addini, daga kowane ɓangare ya zo, da ranarsa da wurinsa da shaidunsa da yadda aka ƙare shi, a sakaya sunan duk wanda bayyana shi zai cutar da shi. A ƙarshen kowace shekara a karanta taƙaitaccen bayaninsa a gidan rediyo, a aika kwafe ga ofishin hukumar da ke Dutse.